Kobo ko Naira? Yadda Ake Auna Ko Ɗan Aiken AI Ya Fahimci Takardar Bayanin Manhaja

Duk maginin manhajar da ya taɓa haɗa shafinsa da Paystack ya san cewa kamfanin da kobo yake ƙirga kuɗi. Idan ana so a karɓi naira 150,000 kuɗin waya daga hannun mai saye, abin da za a rubuta a gurbin kuɗi shi ne 15000000. Wanda ya rubuta 150000 kuwa naira 1,500 kacal zai karɓa, kuma tsarin ba zai yi ƙorafi ba, domin a wurinsa ciniki ne halastacce. A Flutterwave abin ya sha bamban, da naira ake rubutawa kai tsaye. Sunan gurbin ɗaya ne a kamfanonin biyu, wato amount, amma wanda ya ɗauko al'adar wancan ya kawo nan zai nemi naira miliyan 15 a hannun mutumin da ya zo sayen wayar dubu ɗari da hamsin.

Kamfanonin biyu duk sun bayyana wannan a takardun bayaninsu. Mutum yakan karanta, ko ya ƙone hannu sau ɗaya ya kiyaye har abada. To amma yanzu an sami sabon mai karatu da ba mutum ba, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake ba ta aiki ta je ta aiwatar da kanta. Tambayar da ke gaban magina manhaja, daga manyan kamfanonin Amurka har zuwa matashin da ke zaune da kwamfutarsa a Babban Giji, ita ce: ta yaya za a tabbatar cewa bayanin da aka rubuta ya ishi wannan sabon mai karatu, kafin a damƙa masa kuɗin mutane?

Wane ne ɗan aiken AI?

Yawancin mutane sun san ChatGPT da Gemini da Claude a matsayin abokan hira: a yi tambaya, su ba da amsa. Ɗan aiken AI ya wuce nan. Ana haɗa shi da kayan aiki, kamar na duba kaya a rumbun bayanai, na tura saƙon tes, na tantance lambar asusu ko na tura kuɗi. Sai a ce masa, misali, ya duba waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba ya tura musu tunatarwa. Shi zai zaɓi kayan aikin da zai fara da shi, ya cike guraben, ya duba amsar da ta dawo, sannan ya yanke abin da zai yi na gaba.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ɗan aiken ba ya ganin cikin kayan aikin. Abubuwa uku kawai ake nuna masa: sunan kayan aikin, 'yan jimlolin da ke bayyana abin da yake yi, da jerin guraben da za a cike tare da irin bayanin da kowane gurbi ke karɓa. Daga baya kuma yana ganin amsar da ta dawo, ko saƙon kuskure idan an sami tangarɗa. Waɗannan su ne takardar bayani a wurinsa. Idan sun yi kyau ya yi aiki mai kyau, idan sun bar giɓi ya cike giɓin da zato.

A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida mai suna Model Context Protocol, wadda aka fi sani da MCP, domin a sami hanya ɗaya ta gabatar wa AI da kayan aiki. A watan Maris na 2025 OpenAI ya karɓe ta, Google ma ya biyo baya a watan Afrilu. A watan Disamba na 2025 aka miƙa ta ga wata gidauniya da ke ƙarƙashin Linux Foundation. Ma'anar wannan ga ƙaramin magini ita ce, kayan aikin da ya rubuta sau ɗaya za su iya yin aiki da manhajojin AI daban-daban, kuma bayanin da ya rubuta musu duk waɗannan manhajoji za su karanta.

Me ya haɗa wannan da Tarauni?

Ƙaramar hukumar Tarauni na cikin wuraren da ƙaramin maginin manhaja ba ya rasa abokan ciniki a Kano. Kasuwar waya ta Farm Centre tana cikinta. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya a Gyadi-Gyadi, kewaye da shagunan magani da ɗakunan gwajin jini. Cikin unguwanni irin su Babban Giji da Darmanawa da Unguwa Uku kuwa akwai makarantun kuɗi, islamiyoyi, masu POS da mata masu sayar da atamfa da turare ta WhatsApp. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare hatta a wurin mai shayi.

Irin waɗannan 'yan kasuwa ba su da sashen kwamfuta. Matashi ɗaya ne yakan gina musu manhajar lissafin kaya, ya haɗa ta da hanyar biyan kuɗi da ta tura saƙo. Yanzu da AI ya shigo, abu na gaba da ake nema shi ne a sa shi ya riƙa amsa wa masu saye, yana duba farashi, yana fitar da rasit. Idan ɗan aiken ya yi kuskure, babu wani babban kamfani da zai ɗauki asarar. Mai shago zai zo har gida neman wanda ya gina masa, kuma a unguwa suna ya fi kuɗi saurin zubewa.

Bambancin mutum da ɗan aike wajen karatu

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Maginin manhaja idan ya ga bayani bai fito ba, zai leƙa YouTube, ya tambaya a rukunin WhatsApp, ko ya gwada da ƙaramin kuɗi ya gani. Ɗan aiken AI sau da yawa ba ya tambaya. An horar da shi ya kammala aiki, don haka yakan ɗauki ma'anar da ta fi kama da gaskiya ya wuce gaba.

Na biyu, mutum yana tunawa. Ɗan aiken kuwa, in ba an gina masa wurin ajiye tunani ba, kowace hira sabuwa ce a wurinsa. Kuskuren jiya zai iya maimaita shi yau, domin takardar da ta ruɗe shi tana nan yadda take.

Na uku, wurin da yake ɗaukar karatu yana da iyaka, kuma kowane gutsuren kalma da ya karanta kuɗi ne, da dala ake biya. Takarda mai tsawo fiye da kima tana cinye kuɗi, kuma tana binne muhimmiyar magana a tsakiyar surutu. Saboda haka ba a magance matsalar da zuba masa shafi ɗari. Ana neman bayani gajere wanda bai bar komai a duhu ba, kuma ba a gane an same shi sai an gwada.

Yadda masana ke aunawa

A watan Mayu na 2023 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar da wani aiki mai suna Gorilla. Sun nuna cewa hatta GPT-4 yakan ƙirƙiro kiran API da babu shi, kuma haɗa manhaja da ainihin takardar bayani yana rage hakan, yana kuma taimaka mata ta bi sauyin da aka yi wa takardar. A farkon 2024 suka buɗe allon gasa mai suna Berkeley Function Calling Leaderboard. Cikin abubuwan da yake aunawa har da ko manhaja za ta gane cewa babu kayan aikin da ya dace da buƙatar, ta haƙura ba ta kira komai ba.

A watan Yuni na 2024 kamfanin Sierra ya fitar da wani ma'auni mai suna tau-bench, inda ɗan aike ke hidimar abokan ciniki a kantin intanet da kamfanin jirgin sama na gwaji. Ba a duba daɗin maganarsa, ana duba rumbun bayanai ne a ƙarshen hira a ga ko abin da ya kamata ya canza shi ne ya canza. Sakamakon ya nuna cewa GPT-4o bai kai rabin ayyukan ba. Da aka maimaita kowane aiki sau 8 a ɓangaren kanti, waɗanda ya ci duka takwas ɗin ba su kai kashi 25 cikin ɗari ba.

Waɗannan ma'aunai manhajar AI suke aunawa, takardar tana tsaye. Amma ana iya juya abin: a tsayar da manhajar, a riƙa canza takardar. Anthropic ya ba da labarin haka a wani rubutu na Disamba 2024, inda injiniyoyinsa suka ce lokacin da suka ɓata wajen gyara kayan aiki ya fi wanda suka ɓata wajen rubuta babban umarni. Sun lura ɗan aikensu yana ɓata hanyar fayil idan ya sauya jaka, sai suka tilasta a riƙa ba da cikakken adireshin fayil, matsalar ta kau. A wani rubutun na Satumba 2025 sun ce sun kama Claude yana liƙa 2025 a ƙarshen kalmomin bincike ba tare da buƙata ba, abin da ke ɓata sakamako, kuma da gyaran bayanin kayan aikin suka magance shi. Manhajar ba ta canza ba, kalmomin da aka rubuta mata ne suka canza.

Gwajin da ƙaramin magini zai iya yi

Ba sai da ɗakin bincike ake wannan aiki ba. Kwamfuta ɗaya, mabuɗin gwaji da haƙuri sun isa. Paystack, alal misali, yana ba da mabuɗi iri biyu, wanda ya fara da sk_test da wanda ya fara da sk_live. Na farkon ba ya taɓa kuɗin gaske, kuma da shi kaɗai ya kamata a yi duk abin da ke tafe.

Mataki na farko shi ne tara ayyuka na gaskiya, kamar 20 zuwa 30, da irin harshen da mutane ke rubutu da shi. Aikin da aka rubuta da tsaftataccen Turanci, kowane bayani a wurinsa, ba ya gwada komai. Wanda ke gwadawa shi ne irin wannan: Alhaji na turo dubu tamanin jiya da daddare, ragowar sai Juma'a, a ba yaro cajar. A cikin wannan jimla ɗaya akwai tantance biya, lissafin bashi, kwanan wata da fitar da kaya.

Mataki na biyu, kowane aiki a rubuta masa abin da zai nuna an yi daidai, abin da kwamfuta za ta iya dubawa. Nawa ya kamata a gani a asusu? Kaya nawa suka rage? Saƙo nawa ya fita, zuwa wace lamba? Kada a dogara da cewar ɗan aiken ya gama, domin yakan faɗi haka ko da bai gama ba.

Mataki na uku, a ba shi takardar kawai, ba tare da wani ƙarin haske ba. Duk bayanin da magini ya ji yana so ya raɗa masa a gefe, shaida ce cewa bayanin ya ɓace a takardar.

Mataki na huɗu, a maimaita kowane aiki sau da yawa. Lissafin a bayyane yake: ɗan aiken da ke cin aiki kashi 90 cikin ɗari a kowane gwaji, damar ya ci sau takwas a jere kusan kashi 43 ce kawai. Shagon da ke ciniki hamsin a rana ba zai iya zama da irin wannan ba.

Mataki na biyar, a rubuta abubuwa huɗu a kowane gwaji: ko ya ci, kira nawa ya yi kafin ya gama, saƙon kuskure nawa ya samu, da kuɗin da ya cinye. Kira mai yawa yana nuna yana lalube. Kuskure iri ɗaya da ke maimaituwa yana nuna ainihin gurbin da bayaninsa ya gaza.

Mataki na shida shi ne wanda mutane suka fi gudu: a zauna a karanta hirar daga farko zuwa ƙarshe. Gani ya kori ji. A nan ake ganin inda ya ɗauki kayan aikin neman mai saye alhali na neman ciniki ake buƙata, saboda sunayensu sun yi kama.

Na bakwai, a gyara abu ɗaya kawai a takardar, a sake gwaji. Idan aka canza abu biyar lokaci guda ba za a san wanne ya yi aiki ba. Sannan a ɓoye wasu ayyukan, kamar kashi ɗaya cikin uku, kada a duba su yayin gyara. Sai a ƙarshe a fito da su, domin a tabbatar takardar ta gyaru da gaske, ba haddar amsoshi aka yi mata ba.

A cikin ayyukan lallai a saka waɗanda amsarsu ita ce ƙin aikatawa. Misali a ce ya mayar wa wani kuɗi ba tare da lambar ciniki ba. Ɗan aiken da ya tsaya ya nemi ƙarin bayani shi ya ci wannan gwaji. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tarkunan da suka keɓanta da nan gida

Manyan ma'aunai na duniya ba su san Kano ba. Akwai abubuwan da sai magini na gida ne zai saka su a gwajinsa.

Lambobi masu tsawo ɗaya. Lambar waya a Najeriya 11 ce, BVN 11 ce, NIN ma 11 ce. Gurbin da aka sa wa suna lamba kawai, ko id, gayyatar rikici ne. A rubuta sunan a fili, a faɗi tsawonsa, a ba da misali. Haka kuma wasu kamfanonin tura saƙo suna son lamba ta fara da 234, wasu suna karɓar mai farawa da sifili.

Sifilin farko. Lambar asusu ta NUBAN 10 ce, kuma da yawa suna farawa da sifili. Lambobin bankuna ma haka: First Bank 011, Access 044, GTBank 058. Idan takarda ta ce gurbin adadi yake karɓa maimakon rubutu, sifilin zai faɗi, 058 ta koma 58, tantancewa ta lalace.

Haruffa masu lanƙwasa da alamar naira. Saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160 a shafi ɗaya. Da zarar an saka ƙ ko ɗ ko ɓ ko alamar ₦, tsarin yana komawa wani salon da ke ɗaukar 70 kawai, kuma idan saƙon ya rabu, 67 a kowane shafi. Saƙo mai haruffa 150 da ya kamata ya zama shafi ɗaya sai ya koma uku. Makarantar da ke tura wa iyaye 400 za ta biya kuɗin shafi 1,200. Ɗan aiken AI yana rubuta Hausa da lanƙwasa in ya ga dama, don haka dole takardar ta gaya masa wannan, ko kuma kayan aikin ya riƙa dawo masa da adadin shafuka kafin a tura.

Imel. Paystack yana buƙatar adireshin imel kafin a fara ciniki. Masu saye da yawa a kasuwannin Kano ba su da shi, ko ba sa tuna shi. Idan takarda ba ta faɗi abin yi ba, ɗan aiken zai iya ƙirƙiro wani adireshi, rasit ɗin wani ya tafi wurin baƙo.

Kwanan wata. A Najeriya 03/04 na nufin 3 ga Afrilu, a Amurka kuwa 4 ga Maris. A tsayar da tsari ɗaya, shekara, wata, rana, a kuma faɗi ko da agogon Najeriya ake aiki, wanda ya wuce na duniya da awa ɗaya. Cinikin ƙarfe 12:30 na dare zai iya faɗawa lissafin jiya.

Kuɗin maƙwabta. Ciniki tsakanin Kano da Maraɗi tsoho ne. A Nijar da dala ake ƙirga, kowace dala sefa 5 ce, don haka mai cewa ɗari yana nufin sefa 500, jaka kuma sefa 1,000. A Kano jaka a tsohon lissafi naira 200 ce. Hatta kamfanoni sun saɓa: Stripe yana ɗaukar sefa yadda take ba tare da ninki ba, Paystack kuwa ya ce a ninka ta sau 100 duk da ba ta da ƙaramin kaso.

Rikicin ma'auni ba sabon abu ba ne. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter saboda manhajar wani ɗan kwangila tana fitar da lissafi da ma'aunin fam, alhali takardar yarjejeniya ta ce a yi amfani da ma'aunin mita. Rubutu yana nan, gwajin da zai kama saɓanin ne bai wadatar ba.

Saƙon kuskure ma takarda ne

Yawancin magina suna ɗaukar saƙon kuskure abin banza, su bar shi da lamba 400 da kalma ɗaya. A wurin ɗan aike wannan saƙo shi ne malaminsa a tsakiyar aiki. Saƙon da ya ce lambar asusu dole ta zama 10, an aiko 9, a duba sifilin farko, yana sa ya gyara nan take. Saƙon da ya ce an sami matsala kawai yana sa shi ya yi ta maimaitawa.

Maimaitawa kuwa ita ce haɗarin da ya fi girma a inda netwok ke ɗaukewa. A ce an tura kuɗi, sun fita, amma amsar ba ta dawo ba. Ɗan aiken da ba a gaya masa komai ba zai sake turawa. Maganin shi ne kowane ciniki ya sami lambar shaida tasa ta daban, wadda tsarin zai ƙi karɓa sau biyu, sannan a rubuta ƙarara cewa idan amsa ba ta zo ba, a fara duba matsayin cinikin kafin a sake komai. Wannan ma a gwada shi: a katse amsar da gangan a ga abin da zai yi.

Batun tsaro

Tunda ɗan aike yana bin abin da takarda ta ce, mugu ma zai iya rubuta takarda. A watan Afrilu na 2025 kamfanin tsaro na Invariant Labs ya nuna yadda za a ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aikin MCP, wanda mai amfani ba ya gani amma AI yana karantawa, har suka gwada kwashe tarihin hirar WhatsApp ta wannan hanya. Don haka duk kayan aikin da aka sauko da shi daga intanet, a karanta cikakken bayaninsa kafin a haɗa.

A watan Yuli na 2025 ɗan aiken Replit ya goge rumbun bayanan Jason Lemkin, wanda ya kafa SaaStr, duk da an gaya masa kada ya taɓa komai. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya nemi afuwa, kamfanin kuma ya raba rumbun gwaji da na aiki. Darasin shi ne rubutu kaɗai ba katanga ba ne. Ƙa'idar MCP tana da alamomi da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya gogewa, amma ita kanta ta kira su alamu, ba tabbaci ba. Abin da bai kamata ɗan aike ya iya ba, a hana shi a cikin manhajar, kuma tura kuɗi ko goge bayani su jira amincewar mutum.

Mai gina wa shagon magani ko ɗakin gwaji a Gyadi-Gyadi yana da ƙarin nauyi. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Kayan aikin da ke dawo da dukkan tarihin mara lafiya alhali farashin magani aka tambaya, ya aika da sirrin mutum zuwa uwar garken wata ƙasa ba gaira ba dalili. A gwaji ma kada a yi amfani da sunaye da lambobin mutane na gaske.

Sabbin fayiloli, da tambayar harshe

A watan Satumba na 2024 Jeremy Howard na Answer.AI ya ba da shawarar shafuka su riƙa ajiye fayil mai suna llms.txt, wanda ke jera muhimman takardunsu a rubutu mara ado domin AI. A 2025 kuma fayil ɗin AGENTS.md ya yaɗu, inda ake gaya wa ɗan aike yadda zai gina da gwada wata manhaja. Duka biyun suna da amfani wajen kai shi ga bayani. Amma idan bayanin da aka kai shi gurgu ne, ba su gyara komai ba.

Sai batun harshe: da Turanci za a rubuta bayanin ko da Hausa? Binciken IrokoBench na 2024, wanda ya haɗa da Hausa cikin harsunan Afirka da ya auna, ya nuna tazara mai faɗi tsakanin ƙoƙarin manyan manhajoji a Turanci da a harsunan nahiyar. Ƙungiyoyi irin su HausaNLP da Masakhane suna aikin rage tazarar, gwamnatin tarayya ma ta ƙaddamar da N-ATLAS a 2025 mai jin Hausa, Yarbanci da Ibo. A halin da ake ciki, hanya mai ma'ana ita ce a rubuta ƙa'idojin da Turanci, a cusa misalan Hausa a ciki: cewa bashi na nufin kuɗin da ba a biya ba, kafin alƙalami kuɗin somin-taɓi ne, jibi kwana biyu ne nan gaba. Wannan ma kada a ɗauke shi a matsayin hukunci. A rubuta takarda biyu, a gwada su da ayyuka iri ɗaya, a bi wadda ta fi ci. Sannan duk lokacin da kamfanin AI ya fitar da sabuwar manhaja, a sake gwajin, domin bayanin da ya yi wa tsohuwar aiki ba lallai ya yi wa sabuwar ba.

Inda za a fara

Wanda yake da manhaja a hannu zai iya farawa a daren yau. Ya ɗauki kayan aikin da ya fi taɓa kuɗi, ya karanta bayaninsa kamar sabon yaron shago da aka kawo daga ƙauye yau, wanda ba shi da wanda zai tambaya. Shin ya faɗi ma'aunin kuɗi? Ya faɗi lokacin da bai kamata a kira shi ba? Ya faɗi abin yi idan netwok ya ɗauke? Sai ya rubuta ayyuka goma daga ainihin irin saƙonnin da mai shago ke samu, ya cire sunaye da lambobi, ya maimaita kowanne sau biyar da mabuɗin gwaji, ya rubuta sakamakon a tebur.

Wannan tebur yana da wani amfani bayan kama kuskure. Idan mai shago a Farm Centre ya tambaya ko za a iya amincewa da wannan abu, magini yana da abin nunawa: gwaji hamsin, an ci kaza, an faɗi a kaza, ga abin da aka gyara, ga kuma ayyukan da har yanzu sai mutum ya sa hannu kafin su wuce.